Kada Ki Saki Hannu

A ƙauyen Pelkola, can arewacin Michigan ta ƙasar Amurka, an yarda cewa kowane tsoro yana da dalili, shi ya sa aka daɗe ana neman dalilin tsoron Elvi Harju ba a samu ba. Ba wanda ya taɓa nutsewa a danginsu. Ubanta ya ƙare rayuwarsa yana sarar itace a daji, ya mutu a kan gadonsa da yatsunsa goma cif. Mijinta Wilho, wanda ba abin da bai yi ba don ya halaka kansa, ciwon zuciya ne ya ɗauke shi yana zaune a kujera yana kallon wasa a talabijin. Ita kanta Elvi ko targaɗe ba ta taɓa yi ba. Matan coci sun bincika har kan kakanni, suka gaji, suka ce haka Allah ya yi ta.

Aikin girki ta yi a makarantar firamare har ta yi ritaya. Yaran da suka ci abincinta, waɗanda wasunsu yanzu sun yi furfura, da abu ɗaya suke tuna ta: kowace ƙwayar inabi sai ta tsaga ta biyu kafin ta ba yaro, kada ta shaƙe shi. Gidanta yana bakin tafki, tagar kicin tana kallon ruwa. Kusan rabin shekara ruwan nan dutse ne, maza su shiga da motoci, su kafa bukkoki, su huda rami suna kamun kifi. Elvi tun tana amarya take gidan, amma ba ta taɓa ɗora ƙafa a kan tafkin ba. In aka ce mata kaurin ƙanƙarar ya kai gwiwar mutum, sai ta ce ta ji, amma dai a ƙarƙashi ruwa ne ko?

To wannan matar ce ta zama bakanikiya.

Wilho ne ya ja mata. Shekarar da 'yarsu Lorri ta cika biyar, ya shigo gida da ƙaramin babur ɗin ƙanƙara na yara a bayan mota. Ja ne, bai fi ɗan maraƙi a kwance ba, da injinsa kamar na ƙaramin janareta, da doguwar sanda mai tuta ruwan lemo a baya don babba ya hango yaro daga nesa. Elvi ta ce a mayar. Wilho ya ce ba a mayarwa. Ta yi addu'a ya lalace, bai lalace ba. Da ta ga abin ba mutuwa zai yi ba, sai ta ga gara ta san cikinsa da bayansa, kamar yadda in dole ne ka kwana ɗaki ɗaya da maciji, gara ka san kusurwar da yake.

Ta koyi wanke kafireto a kan teburin kicin, bisa tsohuwar jarida. Ta koyi duba fulogi, da ɗaure kaca, da shafa giris. Ta gano cewa fetur in ya kwana rani guda a tanki sai ya zama kamar ƙaro, saboda haka da ƙanƙara ta fara narkewa sai ta tsiyaye shi tas. Ta gano ɓeraye suna son yin sheƙa a hanyar iska, ta riƙa toshe ta da soson ƙarfe. Ba don tana son babur ɗin take wannan hidima ba. Ta lissafa ne ta ga cewa lafiyayyen inji ya fi marar lafiya sauƙin sanin abin da zai yi.

A cikin injin akwai wani ɗan ƙarfe mai sifirin da ake ce wa gwamna. Aikinsa shi ne ya hana injin wuce iyaka, duk yadda yaro ya danne totur ba zai fi sassarfar babban mutum gudu ba. Elvi takan ce a duk gwamnonin da ta gani a rayuwarta, shi kaɗai ne yake yin aikin da aka sa shi. Iyaye maza kuwa a duk faɗin yankin sun san cewa in ka ɗaure sifirin nan da 'yar waya, gwamna ya tafi hutu.

"Haba Elvi," in ji Wilho, "jiya fa tsoho Maki da sandarsa ya wuce yarinyar nan. Har ya waiwayo ya gaishe ta."

"Ta amsa?"

"Yara dariya suke mata."

"Gara su yi tana ji."

Daga nan ba su ƙara maganar ba. Shi ya ɗaura waya in ta tafi aiki, ita ta kwance in ya tafi kamun kifi. Haka suka yi har Lorri ta yi wa babur ɗin girma, kuma mutane sun ce zamansu na lafiya ne.

Babur ɗin ya zaga 'ya'yan dangi da na maƙwabta, amma duk inda ya je sai ya dawo hannun Elvi, don ba uwar da za ta ɗora ɗanta a kai sai ta ji Elvi ta duba. Lorri ta auri Randy Perala, direban motar kwashe ƙanƙara, suka dawo gidan bayan rasuwar Wilho. Randy ya gaji kujerar Wilho a teburin cin abinci, ya kuma gaji wayarsa ta ɗaure gwamna. Sai aka haifi Kaisa.

Kaisa tana da shekara bakwai a lokacin da abin ya faru, yarinya mai giɓi da taurin kai, wadda ke kiran kakarta Mummu matsoraciya a gaban baƙi. Elvi ta kafa mata dokoki da yawa, amma ɗaya ce babba: in inji na aiki, hannu biyu a kan babur, kada ki saki, ko me ya faru. Akwai igiya ja da ake maƙala wa yaro a riga, ɗaya bakin a jikin babur, in yaro ya faɗo ta fizge inji ya mutu. Elvi tana maƙala ta da hannunta kullum, amma a ganinta igiyar nan ta waɗanda suka riga suka faɗo ce, ita kuwa jikarta ba za ta faɗo ba.

Kuma Elvi ba ta yarda da dokar da ba a gwada ba. Sai ta tsaya a gefen fili da yankan nisu mai ɗumi, burodin nan nasu mai zaƙi, ta miƙa shi Kaisa na wucewa.

"Ungo, 'yar giɓi, karɓi!"

Karon farko Kaisa ta miƙo hannu. Aka kulle babur har wata Lahadin, ta yi kuka kamar an yi mata rasuwa. Daga ranar ba ta ƙara ba. Elvi ta ce ta ɗago hannu a ɗauke ta hoto, ta ƙi. Ta ce ga gizo-gizo a safar hannunta, ta ƙi. Wata rana har faɗuwa Elvi ta yi cikin dusar ƙanƙara tana ihu, tana rantsuwa ba gwaji ba ne. Kaisa ta zagayo, ta tsaya, ta kashe makulli, ta sauko a natse, ta zo ta tsaya a kanta.

"Mummu, tashi. Kina ba ni kunya."

Elvi ta ba da labarin nan a coci har mutane suka haddace.

A hunturun nan an yi wani sanyi a ƙarshen Janairu, irin wanda kana fita gashin hancinka zai daskare. Garejin ya cika da babban babur ɗin Randy da kwalekwalensa, ƙaramin kuwa a rumfa yake kwana, baƙin mai ya yi kauri kamar zuma, Elvi ta yi ta jan igiyar tayarwa har kafaɗarta ta ƙi ɗaguwa. Ran Asabar, ranar sauna, tana hura wutar ɗakin wankan tururi da ke bayan gida, sai dabara ta zo mata. Ɗan ɗakin gaba, inda ake tuɓe kaya, yakan riƙe ɗumi har washegari. Ta turo babur ta shigar da shi can.

Ta yi tunanin gobara, ta ja shi nesa da bangon murhu, ta ɗaure murfin tanki, ta ajiye bokitin yashi. Ta yi tunanin wani zai yi tuntuɓe da shi, ta kunna fitila. Duk maraicen nan mutanen gida suna shiga suna fita, Randy yana kwara ruwa a kan duwatsu masu zafi kamar mai kashe gobarar daji, tururi yana biyo ƙofa yana kwanciya a kan komai, har raɓa na tsiyaya a jikin taga. Elvi ta wuce ta gefen babur ɗin, ta ga ya yi gumi, ta goge masa kujera da tawul.

Ran Lahadi bayan coci Lorri da Randy suka tafi gari duba mahaifiyarsa. Gari ya yi haske ƙal, ba gajimare, ba iska sosai, sanyi kuwa kamar wuƙa. Kaisa ta sha kaya har ta koma kamar ƙunshi, ta sa hular kwano, tana tsalle a bakin ƙofar sauna.

"Mummu, ki yi sauri mana! Ai jiya kin duba."

"Jiya na duba na jiya."

Ta duba fulogi. Ta taɓa kaca. Ta leƙa gwamna, ta tarar da wayar Randy, ta kwance ta sa a aljihu. Ta matse birki. Totur ɗin irin na babban yatsa ne, ɗan marfi da ake dannawa, waya ta bi ta cikin bututun roba zuwa inji. Ta danna ya shige, ta saki ya dawo, sumul. Duk a cikin ɗaki mai ɗumi ta yi wannan. Ta cika tanki har baki, ta fito da shi, ja ɗaya ya tashi. Ta ji daɗin dabararta.

Filin bayan gida yana da hanyar da Kaisa ta tattake, zagaye guda, daga sauna zuwa tsohuwar bishiyar tuffa a dawo. Daga bishiyar ƙasa ta gangara zuwa tafki, kuma a nan ne Randy ya share hanyar da yake bi zuwa bukkarsa ta kifi. Kaisa takan danne totur har ƙarshe tun daga tashi, tunda abin ba gudu ne da shi ba, sai ta kusa bishiya ta sassauta ta yi kwana. Elvi ta tsaya da kofin kofi tana kallon tuta na tafiya tana dawowa.

A wani zagaye, kunnenta ya riga idonta. Inji bai sauke murya ba a wurin da ya saba. Tuta ta kai bishiya, ta ɗan karkata kamar za ta juyo, sai ta zame, ta miƙe, ta bi hanyar Randy ta gangara.

Kofin ya faɗi. Elvi tana gudu cikin dusar ƙanƙara mai kai ƙwauri, kuma tun kafin ta kai bishiyar ta gama sanin komai. Tururi ya shiga bututu ya zama ruwa. Ruwa ya fito waje ya zama ƙanƙara, ya kama waya a inda yatsan yarinyar ya ajiye ta, wato a ƙarshe. Gwamna yana nan yana aikinsa, babur ba zai wuce sassarfar babban mutum ba. Sai dai Elvi ba babban mutum ba ce mai sassarfa. Tsohuwa ce mai ciwon gwiwa, a cikin takalmin coci.

Da ta isa inda busasshiyar ciyawa ta ƙare, ta tsaya. Ƙafarta ce ta tsaya, ba ita ba. A gabanta iska ta share tafkin, ƙanƙara na ƙyalli, tsirara a wasu wurare. Kaisa ta murɗe kan babur hagu iya ƙarfinta, amma a kan sulɓin nan ba ya cin kwana, sai wani babban da'ira yake yi. Gefen da'irar na kusa yana zuwa dab da gaɓa. Gefen nesa kuwa yana leƙa bakin rafi, inda ruwa ke shigowa tafki yana gudana ta ƙasa, inda ƙanƙara baƙa ce. Maza sun jera tsofaffin bishiyoyin Kirsimeti a wurin don kada kowa ya wuce. Ko Randy ba ya wucewa.

Ta duba ko da mutum. Bukkokin kifi suna can tsakiyar tafki kamar ƙwayoyin wake, hayaƙi na fita, ƙofofi a rufe. Wayarta ta salula tana cikin jakar coci, a kicin.

Babur ya zagayo.

"Mummu! Ya ƙi tsayawa!"

"Birki! Matse birki!"

"Na matse!"

Gaskiya ta faɗa, ƙaurin roba ya biyo bayanta. Makulli kuwa yana can ƙasa da kan babur, sai an sa hannu.

Elvi ta bi tutar da ido har ta je ta dawo, ta kuma ga abin da ba ta so ta gani ba. Sawun wannan zagayen bai hau kan na wancan ba. Duk zagaye sai babur ya zame kaɗan wajen bishiyoyin. Ta tuna tankin da ta cika har baki da hannunta.

Ta ɗora ƙafa a kan tafki. Ba abin da ya faru. Ta ɗora ta biyu. Ta shiga tana jan ƙafa a hankali kamar mai tsoron tashin wani daga barci, bakinta na karanta addu'ar da ba ta san farkonta ba.

"Kaisa! Saki! Saki hannu ki faɗo!"

Hular kwano ta juyo, ta wuce. Da ta sake zagayowa, Elvi ta ji muryar tana rawa, kuka ne a ciki.

"Na gane ki, Mummu! Ba zan saki ba!"

"Ba gwaji ba ne! Na rantse ba gwaji ba ne!"

"Haka kika ce ran nan!"

Haka kuwa ta ce. Ta tsaya baki buɗe, iska mai sanyi na shiga haƙoranta, tana neman kalma ɗaya wadda ba ta riga ta ɓata ba. Ta duba ko'ina a kanta, babu. Duk ta kashe su a gefen fili da yankan nisu a hannu.

Ta matsa ta tare hanya. Da babur ya zo ta kai hannu ta cafki sandar tuta, sandar ta sulɓe daga safarta ta tsula mata a kunci, ƙafafunta suka tafi gaba, ta faɗi ta gefe. Kunnenta na manne da ƙanƙara, ta ji wani gurnani mai tsawo ya taso daga ƙasa ya ratsa tafkin ya tafi. Maza sukan ce wannan ƙarar alamar lafiya ce, ƙanƙara ce ke ƙara kauri. Maza sukan ce abubuwa da yawa.

Ta tashi da gwiwa da hannu. Da'irar ta matsa. Gefenta na nesa ya riga ya shiga tsakanin bishiyoyin, tuta tana wucewa ta bayansu. In tana so ta sake tarar yarinyar kafin zagaye na gaba ya kai ta inda ruwa yake motsi, sai ta yanke ta tsakiya, ta je har gindin bishiyar farko.

Ta je. A wurin ƙanƙarar kamar gilashi take. Ta kalli ƙasa sau ɗaya, ta ga kumfa a daskare, ta ga ciyawar ruwa a ƙarƙashi tana kaɗawa a hankali, duk ta kwanta gefe ɗaya. Ba ta ƙara kallo ba.

Ba ta tsaya a gaban babur ba, ta san nauyinsa, ita ke tura shi. Ta tsaya ta gefen ciki, ta buɗe hannuwa kamar za ta sauke babbar tukunyar makaranta daga wuta. Ba ta yi kira ba. Da jan abin ya iso ta faɗa da dukkan jikinta, ta rungume yarinyar ta ƙirji.

Kaisa ba ta saki ba. Babur ya ja su duka biyu, Elvi tana jan gwiwa a ƙasa, bishiya ta wuce ta gefensu, reshe ya karce ta, tana ji ƙanƙara na lanƙwasa kamar katakon tsohuwar gada. An koya wa yarinyar nan darasi da kyau. Sai Elvi ta jefa nauyinta baya gaba ɗaya, wani abu ya sulɓe, suka faɗi tare. Hannunta na dama ya shiga ƙarƙashinsu, ta ji ya yi ƙas kamar busasshen reshe.

Igiya ta fizge. Inji ya mutu. Babur ya ƙara zamewa shi kaɗai ya tsaya, safar hannu ɗaya tana nan maƙale a kansa, ɗaya ta faɗi a gefe. Hannuwan Kaisa ne suka zare daga ciki.

Shiru ya sauka, kuma shirun ya fi ƙarar muni, don a cikinsa ne Elvi ta ji wani ɗan ƙaramin sauti, tsit, tsit, a ƙarƙashin ƙugunta. Sannan ta ji sanyin da ba na iska ba yana ratsa siket ɗinta.

"Kada ki tashi," ta ce, a hankali. "Kwanta da ciki, kamar in kina kallon talabijin. Tura hannunki cikin hannun riga. Yauwa. Da gwiwar hannu za ki ja jiki. Kin ga ciyawar can? Can za ki."

"Ke fa?"

"Ina bayanki. Yi gaba, yi nesa da ni."

"Don me?"

"Don na ci nisu da yawa. Tafi."

Kaisa ta ja jiki. Elvi ta bari sai da ta wuce bishiyoyin sannan ta motsa, da hannu ɗaya, ɗayan ta rungume shi a ƙirji. Duk jan da ta yi sai ta jira ta ji ko ƙasa za ta buɗe. Ta lura tana tunanin wani abu marar amfani, wai ta bar murhu a kunne ko ta kashe.

"Mummu."

"Kada ki waiwayo."

"Za ki kulle shi?"

"Me?"

"Babur ɗin. Ai ban saki ba. Ke kika ja ni. Safata ma tana can, ki duba."

"Na gani."

"To ba laifina ba ne."

"Ba laifinki ba ne. Ja jiki, uwar surutu."

Suka kai inda ƙanƙara ta koma fara, amma Elvi ba ta yarda sun miƙe ba. Da ciki suka ƙarasa har cikin busasshiyar ciyawa. Daga baya wani maƙwabci ya ce ya hango su ta taga, ya ɗauka wasa suke, har ya kira matarsa ta zo ta ga Elvi Harju a kan tafki.

A gida ta tsoma hannuwan Kaisa a ruwa mai ɗan ɗumi, yatsun da suka yi fari suka dawo ja, yarinyar ta yi ihun da ba ta yi a tafki ba. Sannan Elvi ta kira Lorri da hannun hagu. A asibiti aka ce karaya biyu ce a wuyan hannu, aka ɗora, aka sa filasta. Randy da maƙwabcin nan suka shimfiɗa tsani a kan ƙanƙara, suka jefa igiya mai ƙugiya suka jawo babur. Da Randy ya zare wayar totur, ya tsaga bututun, sai ga ƙanƙara a ciki, siririya kamar allura. Ya kalle ta, ya kalli wajen sauna, ya kalli surukarsa.

"E," in ji Elvi. "Can ya kwana."

Bai ce komai ba. Wannan ne babban alherin da Randy ya taɓa yi mata, kuma ta san sai ta biya shi da sauraron labarin kifi har ƙarshen ranta.

Washegari da hantsi, Kaisa na makaranta, suna zaune a kicin su uku. Lorri ko kofi ba ta taɓa ba. Ita ce yarinyar da ta tashi tana dariyar uwarta, wadda ta taɓa tsallake buɗaɗɗen ruwa da babban babur don a ce ta iya. Yanzu idonta ya faɗa, tana ta juya cokali.

"Randy, ka kai shi juji," ta ce. "Yau ɗin nan. Ba na son in sake ganinsa."

Elvi ta ji maganar ta sauka a ƙirjinta kamar ruwan sanyi a ranar zafi. Abin da ta roƙa tun Lorri na 'yar shekara biyar, ga shi an kawo mata har tebur.

"Shi ke nan," in ji Randy. "Dama ya yi mata kaɗan. Akwai wani matsakaici a wurin abokina, ɗansa ya girme shi. Baɗi sai in..."

"Wane matsakaici?" in ji Elvi.

"Na manyan yara, Mama. Mai kyau ne."

"Yana da gwamna?"

Randy ya sosa ƙeya. "To, irin waɗannan ba sa zuwa da shi."

"Gudunsa fa?"

"Bai kai mota ba." Ya yi ɗan tunani, don mutum ne mai gaskiya. "Sai dai a cikin gari."

Elvi ta kalli taga. Tafkin yana nan yana ƙyalli kamar bai san komai ba. Ta san Kaisa, ta san ubanta, ta san ƙauyen da aka haife ta a ciki. Ba wanda zai hana yarinyar nan hawa wani abu. Zaɓin da ya rage kawai shi ne wane abu.

"Ba inda za a kai shi," ta ce. "Randy, ka sayo sabuwar waya da bututu. Ka fitar da kwalekwalenka daga gareji, can zai riƙa kwana, cikin sanyi, inda ya dace da shi."

"Mama!" in ji Lorri. "Ke fa kika yi ta addu'a ya mutu!"

"To ba a amsa ba. Tashi ki sa riga. Hannu ɗaya gare ni, ke za ki riƙe sifana."

Da la'asar suna gareji, numfashinsu na hayaƙi. Elvi na zaune a kan bokiti tana nuni da filasta, Lorri na durƙushe gaban inji. Sifana ta kuɓuce mata sau biyu. Elvi ta dubi yatsun 'yarta, ta san ba sanyi ne ya sa ba, tsoro ne. Ta daɗe tana kallon yatsun nan. Ba ta ji daɗi ba, amma ta ji wani abu mai kama da abin da mutum ke ji in ya daɗe shi kaɗai a tasha sai ga wani ya zo ya zauna.

Lorri ta danna totur, ta saki, ya dawo. Ta sake dannawa. Ta sake.

"A waje za ki gwada," in ji Elvi. "Ki bar shi ya sha sanyi tukuna, sannan ki gwada."

"Sau nawa kike duba shi, Mama?"

"Duk lokacin da za a hau. Wani lokaci ko ba za a hau ba."

Lorri ta goge hanci da bayan hannu, giris ya shafe ta.

"Kuma hakan yana isa?"

"A'a," in ji Elvi. "Ɗaure wancan notin, bai ɗauru ba."